Waƙar Niƙan da ta Kai Ni Kan Dutse

A shekarar da soja suka fara shirin komawa bariki bayan sun daɗe a kan mulki, ina aiki a wata masaƙa a Kakuri, sashen saƙa, inda ƙarar injuna ke hana mutum jin muryar kansa. A Unguwar Mu'azu muke zaune, ni da matata da 'yarmu da ko rarrafe ba ta fara ba, da mahaifina, da mahaifiyarsa wadda muka ɗauko daga wani ƙauye kusa da Zariya bayan idonta ya yi rauni. Kaka kowa ke ce mata a gidan, har shi ɗan nata. Motocin 'yan siyasa na ta ratsa unguwa da lasifika a lokacin, ita kuwa duk wadda ta wuce sai ta karkata kunne ta tambaye mu wa ya ɓata, don a tunaninta cigiya ake yi.

Aikinta rainon jaririya. Takan miƙe ƙafafu a inuwar ɗakinta, ta kwantar da yarinyar a cinya, tana tura ta gaba tana janyo ta baya a hankali, tana rera wata waƙa. Na daɗe ina jin waƙar kafin na lura cewa ban gane ko kalma ɗaya a cikinta ba. Ba Hausa ba ce, ba Fulatanci ba, ba kuma Gwari ba, da nake ɗan tsinta a kasuwa. Wata ranar Juma'a da na dawo daga masallaci na zauna kusa da ita na tambaye ta.

"Waƙar Inna ce," ta ce. "In tana niƙa take yi. Ni ma ban san abin da take cewa ba."

Innar nan mahaifiyarta ce, wadda ta rasu tun kafin a haifi mahaifina. Ranar ce na fara jin labarinta, shi ma guntu-guntu, don Kaka takan fara magana sai ta tafi wani wuri a ranta, sai ka jira ta dawo. Ta ce Inna gajeriya ce, baƙa, mai ƙarfin dantse. Akwai huda a leɓenta na ƙasa, wadda take rufewa da gefen mayafi idan baƙi sun shigo. Tana 'yar budurwa aka kawo ta gidan, ba ta jin Hausa, sunan da aka san ta da shi ma a gidan aka raɗa mata. Ba ta taɓa faɗin garinsu ba. Duk ranar da maharbi ya kawo naman gada, barin gidan take yi, ta zauna bayan danga har a wanke tukunya.

Da na kai zancen wurin mahaifina, sai ya ninke jaridarsa ya ce in bar tone-tone. An kawo ta, ta musulunta, ta haihu, ta cika da kalmar shahada, me nake nema kuma? Na san kalmar da ba ya so ta fito daga bakinsa. Ban sake tayar masa da zancen ba, amma waƙar ta riga ta maƙale mini. Ina tsaye gaban injin, zare na gudu, sai in ji ƙarar ƙarfen ta koma amon waƙar, har in manta inda nake.

Akwai wani makanike da ke gyara mana injuna, sa'ana ne, Kirista, mutumin kudancin Zariya kamar yadda ake cewa a wancan zamani. Tare muke cin shinkafa da wake ƙarƙashin wata bishiyar dalbejiya idan an tashi hutun rana. Wata rana ina wanke hannu ina rera waƙar ƙasa-ƙasa, ban ma san ina yi ba, sai na ga ya ajiye cokali yana kallona.

"Malam, a ina ka samo wannan?"

Na gaya masa. Ya sa na maimaita sau uku. Ya ce yarensu ne kuma ba yarensu ba ne, kamar riga ce da aka sa a baibai. Ya tsinci kalmar ruwa da kalmar rana, sauran sun narke. Amma akwai yayar mahaifinsa a Narayi, in ji shi, wadda a kan dutse aka haife ta, in ita ba ta gane ba to ba mai ganewa a Kaduna.

Ranar Lahadi bayan sun taso daga coci muka hau kekuna. Narayi a lokacin ƙauye ne, gonakin dawa da rogo sun fi gidaje yawa, hanyar duk taɓo. Mun sami tsohuwar a tsakar gida tana tsince acca a faifai. Na durƙusa na gaishe ta, na ce Mama, waƙa na kawo. Kunya ta kama ni, ƙato da ni, ina rera waƙar niƙa gaban mata da yara. Da na fara ta fashe da dariya har da riƙe ciki. Ina isa tsakiya sai dariyar ta ɗauke. Ta ture faifan gefe, ta ɗora hannuwa biyu a ƙasa kamar mai riƙe da ɗan dutsen niƙa, ta ɗauki waƙar daga farko. Muryarta a dishe take, amma kowace kalma ta koma mazauninta. Sai na ji kamar ina kallon fuskar da na saba gani a cikin ruwa mai motsi, yau ruwan ya tsaya.

Ta fassara mini. Yarinya ce ke magana da idon ruwan da ke gindin dutse, tana ce masa ya jira ta, saura kaɗan ta gama niƙa, za ta zo da tulu kafin rana ta faɗa. Ta ce duk duwatsun yankinsu ana wannan waƙa, sai dai kowane gari sunan nasa idon ruwan yake sakawa. Sunan da ke bakin Kaka na idon ruwan wani dutse ne, tafiyar rabin yini daga nasu. Da na ambaci naman gada, ta gyaɗa kai, ta ce gida ɗaya ne a can ba sa ci. Daga nan ta ce ba za ta yarda ta ji wannan a bakin namiji kawai ba, sai an kai ta ta ga mai waƙar.

Mako na zagayowa muka ɗauko ta a tasi. Tsofaffin biyu suka zauna a tabarma ɗaya, suka gaisa gaisuwa mai tsawo, kowacce na ce wa ɗaya Yaya, suka kasa shirya wace ce babba. Kaka ta shafa fuskar baƙuwar da hannu har ta taɓo tabon huda a leɓenta. Can sai ta kama yatsun baƙuwar tana lanƙwasa su ɗaya bayan ɗaya, tana faɗin wasu kalmomi biyar da Inna ke yi mata wasa da su. Tana kai ƙaramin yatsa ta tsaya. Baƙuwar ta miƙo ɗaya hannun, ta ci gaba da lanƙwasawa, tana faɗin wasu biyar. Ƙidaya ce, ashe.

"Ashe akwai gaba," in ji Kaka. "Inna a biyar take tsayawa. Ɗaya hannun kullum yana kan dutsen niƙa."

Bayan an rantsar da sabuwar gwamnati, gari ya lafa, na nemi hutun kwana uku, abokina ma ya nema. Muka shiga jirgin ƙasa zuwa Kafanchan, daga can muka hau bayan wata motar ɗaukar citta, sauran tafiyar kuma a ƙafa. Damina na ban kwana. Ciyawa ta fi mu tsawo, duwatsu na fitowa daga cikin gajimare suna komawa. Garin da muke nema ba ya kan dutsen yanzu. Tun zamanin Turawa aka sauko da mutanen, suka yi gidaje a gindinsa, da coci mai rufin kwano da 'yar makaranta.

Aka kai mu wurin dattijon gidan da ba sa cin gada. Tsoho ne tukuf, ido ɗaya ya yi fari, yana zaune ƙarƙashin ɗorawa. Hausarsa kaɗan ce, abokina ke yi mana tafinta. Aka kawo kunun acca a ƙwarya, muka sha, sannan na faɗi abin da ke tafe da ni, na sake rera waƙar. Mata suka taru a bayanmu suna amsawa ƙasa-ƙasa. Tsohon ya gyara zama ya fara jero sunayen mutanen gidansu, maza da mata, daga na farkon da ya hau dutsen, wane ya haifi wane, wance ta auri wane gari. Ya daɗe yana yi, muryarsa na hawa tana sauka, har na fara gyangyaɗi a zaune, ina jin sunayen na wuce ni kamar mutane a hanyar kasuwa. A wani wuri sai ya sassauta murya, ya faɗi sunaye uku a jere, bai bi su da sunan miji ko na ɗa ba.

Abokina ya ce 'yan mata uku ne da suka tafi ɗiban ruwa wata safiya, lokacin mahaifin tsohon yana yaro, mahara suka yi awon gaba da su. Ɗaya yayar mahaifin nasa ce, biyu 'ya'yan baffanninsa. An yi ta jira, daga baya aka daina jira, amma ba a cire su daga jerin ba.

Na tambaya wace ce Inna a cikinsu. Ba ni da sunanta na asali, ba ni da hoto, ba abin da na riƙo sai waƙa da ƙidaya zuwa biyar. Tsohon ya ce in tashi in taka zuwa wancan rumbu in dawo. Na taka, matan suka hau gardama suna dariya, wannan ta ce tafiyar gidan wane ce, waccan ta ce a'a, dubi kunnuwansa. Ba su daidaita ba. Tsohon ya ɗaga hannu suka yi shiru, ya yi magana da Hausarsa da kansa.

"Uku suka tafi, ba wadda ta aiko. Ko na wace ce kai, gidan nan ne."

Washegari da sassafe babban ɗansa, magidanci mai furfura, ya hau da mu dutsen. Hazon ruwa ya rufe komai, muna jin muryoyin garin a ƙasa ba ma ganinsa. A sama akwai da'irar duwatsu inda ɗakuna suka taɓa tsayawa, da wani faffaɗan fa mai ramuka dogaye sumul, inda mata suka yi ta niƙa har dutsen ya lotsa. Ruwan sama ya cika su, kowanne da ɗan sararin samaniyarsa a ciki. Na sa tafin hannu a ɗaya, ya zauna daidai. Idon ruwan yana can ƙasa kaɗan, ta gefen arewa, yana tsattsafowa daga tsagar dutse ba ko ƙara. Na sha, na yi alwala. Na zaci zan yi kuka ko in ji wani abu mai girma ya sauko mini. Barci ne kawai ya kama ni. Na kishingiɗa a kan fa ɗin, rana na fara ɗumama shi, ina jin wata mata can nesa tana kiran awaki, ban san ko minti biyar na yi ba ko awa guda.

Na dawo wa Kaka da ɗaurin acca. Ta sa hannu a ciki tana murza ƙwayoyin, na ba ta labari tun daga tashar jirgi. Da na zo kan idon ruwan sai ta tare ni, ta tambaya ko ɓauren nan yana nan a bakinsa. Ba ta taɓa ambata mini ɓaure ba. Na rufe ido na nemo wurin a raina, na ga tsagar dutsen, na ga ganyaye sun sunkuyo, amma na kasa tuna ko na mene ne. Na ce mata yana nan. Ta ce ai dama Inna ta ce ba ya mutuwa. Har yau ban san ko ƙarya na yi mata ba.

Da damina ta zagayo Kaka ta rasu, da hantsi, bayan ta sha koko. Tsohuwar Narayi ta zo ta zauna cikin mata kwana uku, ita ce kuma ta aika can gida ba tare da ta gaya mini ba. Ranar sadakar bakwai sai ga ɗan dattijon da mata biyu a ƙofar gida, da akuya a igiya, sun sha yawo a Kaduna kafin su gane hanya. Suka tsaya daga gefe, ba su san inda za su zauna ba. Mahaifina ya tashi daga cikin malamai, ya matsar da buzunsa, ya kama hannun mutumin ya zaunar da shi kusa da shi. Da liman ya tambaya su wane ne, ya ce dangin Kaka ne na wajen uwa.

Kwana biyu suka yi, na raka su tasha. Muna jiran jirgi mutumin ya ce mahaifinsa ya ba shi saƙo, kada ya dawo sai da sunaye. Sun yi shawara a gida, za a ɗora mu a jerin sunayen gidan, ƙarƙashin babbar cikin 'yan matan uku, tunda ita ce mai yawan waƙa. Na ce bari in rubuta masa a takarda, ya ce ba a takarda ake ajiyewa ba. Na faɗi sunan Kaka, da na mahaifina, da na ƙannensa biyu, da nawa, da na 'yata. Sunayen suka yi masa nauyi a harshe, na gyara masa, ya sake. Jirgi ya iso, suka shiga, ya samu wuri a bakin taga. Har ya fara motsi ina ganin leɓensa na tafiya, yana bitar su kada ɗaya ya zube a hanya.