Usta Sharafaddeen, Wanda Ya Hana A Yanke Wayar

Kullum da hantsi Usta Sharafaddeen, babban makanike, na zaune kan tsohuwar taya a ƙofar shagonsa na unguwar Bahri, shayi a gefe, kunne a titi. Mota ta tsaya, ba ya tashi sai ya gama sauraron kukan injinta. Shekara talatin da ɗaya yana gyaran wutar mota. Watan nan zai ajiye kayan aiki, don hannu ya fara rawa.

Shekarar da layin benzin ya miƙe daga gidan mai har bakin gada, Ilyasu direba ya kawo masa wata ƙaramar mota ta hannu, irin mai batir na biyu a ƙarƙashin kujera. In ta tsaya sai ta mutu, in ya saki birki ta tashi. Kwanan nan tashin ma sai da gardama. Da ita yake kai mahaifiyarsa, Gogo, wankin ƙoda a asibitin Soba daga Omdurman, sau biyu a mako. In mai ya yanke musu a hanya, ranar ta wuce ta.

"Ya Usta, a Kasuwar Libiya ta Omdurman sun ce a yanke wayar da ke kashe injin a huta. Kowa haka yake yi."

"Kowan ne zai tura ka a kan gada?"

"To mota sai suma take kamar mai iskoki!"

"Ba suma ba ne, ya zol, mutumina, hutawa take. Ta fi ka hankali."

Ya nuna masa. A cunkoso injin kan yi shiru, ba shan mai, ba hayaƙi. A taka birki, batir ya cika. A tashi, batir ya tallafa wa injin. Zafin garinmu ne kawai ya galabaitar da shi. Usta ya huda akwatin batirin, ya ɗaura masa fankar tsohuwar kwamfuta, ya canza bel. Bai yanke komai ba.

Bayan mako uku gidajen mai suka kulle. Ranar wankin ƙodar Gogo ta zo, allurar mai na kwance a ƙasa. Awa biyu suka yi a kan gada. Motoci na ruri a tsaye har suka ƙone ɗan abin da ya rage musu, masu su suka fito turi. Ta Ilyasu ta yi tsit, tana tashi tana matsawa. Suka isa Soba.

Daga nan waɗanda aka yanke wa waya suka riƙa zuwa, kai a sunkuye. Ya yi musu ba'a, ya haɗa musu.

Kai ne ka tsaya ka fahimci abu a lokacin da almakashi ya fi sauƙi, Usta. Gwani, mai kunnen inji. Masu gyara da ke tasowa, kafin ku yanke waya, ku tambayi abin da take yi.

Mun gode, Baba. Gogo ta ce a gaya maka, har yau ba ta rasa rana ko ɗaya ba.