Sabulun da Ban Ɗauraye Ba

Shekarun baya, kafin gwiwoyina su fara yi mini gardama, aikina wankin kwalabe ne a ɗakin gwaje-gwaje na wata makaranta a nan Maiduguri. Karatuna a aji uku ya tsaya, amma saboda farar rigar aiki, a unguwarmu Shehuri Dokta ake ce mini. Ban taɓa hana kowa ba.

Ƙa'idar aikin ita ce ka wanke da sabulu, ka ɗauraye sau uku da tataccen ruwa. Ni kuwa in rana ta take, sau ɗaya nake yi, in ce Allah ya ga niyyata.

Akwai wata ɗaliba 'yar Biu mai auna ƙarfen da ke cikin ruwan rijiyoyi. Takan ɗiga wani magani, in da ƙarfe ruwan ya yi ja. To, ruwan rijiya ɗaya ne, amma wata kwalbar ta yi jawur, wata da ƙyar ta sauya. Malaminta ya ce ƙirƙirar sakamako take yi, in ba bayani zuwa Litinin, za ta maimaita shekara.

Na tarar da ita tana kuka a bakin famfo. Na san in na yi magana aikina ya tafi. Sau biyu na share wurin da ba datti kafin bakina ya buɗe.

"'Yata, jajayen kwalaben nan fa laifina ne. Ban ɗauraye sabulun cikinsu sosai ba."

Na tsaya jiran zagi. Sai ta share hawaye ta ce, "Baba, wane sabulu? Kawo shi!"

Ta yini tana gwadawa. Ta ce in sabulu ya kai wani yawa a ruwa, dunƙulewa yake yi ƙanana-ƙanana, maganin ya shige ciki ya ƙara riƙe ƙarfen, shi ya sa launin ke fitowa. Na gyaɗa kai kamar na gane.

Ranar Litinin, da ta nuna masa abin da ta gano, malamin ya ce, "Wa ya bar sabulu a kwalba?"

Ta ce, "Ni ce ban duba ba, Malam."

Ya kalle ni. Na kalli silin. Ya murmusa, ya ce ta mayar da bincikenta kan sabulun.

Ta gama da sakamako mai kyau, ni ma na kai ritaya lafiya. Na girme ta da shekaru talatin, amma ita ta koya mini yadda ake rufa wa mutum asiri. Ban san inda take ba yanzu, sai dai ban taɓa sallame salla ban sa ta a addu'a ba.