Da'irar da Ta Haɗiye Unguwarsu

Shekara goma sha tara Inna mai shara ta yi tana goge ofishin tsara birni, har ta san ma'aikacin da ke tura ɓawon gyaɗa ƙarƙashin teburi da ƙafa. 'Yan unguwarsu kuwa gani suke tunda can take sammako, ai da manya take hira. Shi ya sa da aka ce za a gina ƙananan asibitoci, ita suka ɗora wa kai kukansu. Ita ma abin ya dame ta, don 'yarta guda ɗaya tilo na ɗauke da cikin fari, ƙafafu duk sun kumbura.

Kwana uku tana kame-kame kafin ta tsaya gaban jami'in taswira, tsumma a hannu.

"Ranka ya daɗe, mu ma za mu samu?"

Mutumin kirki ne, abin haushin ke nan. Ya juyo mata da kwamfuta, ya nuna babban asibiti da wata da'ira kewaye da shi.

"Inna, duk gidan da ke cikin nan bai wuce kilomita biyu da asibiti ba. Ga unguwarku a ciki. Ai ku 'yan gata ne."

"Ɗana, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Tsakaninmu da asibitin akwai babban titi, da shingen ƙarfe a tsakiyarsa. Sai mun zagaya ta gada, mota biyu. Ko tsuntsaye kuka ɗauke mu?"

Ya yi dariya, ya ce wallahi tana da gaskiya, na'urar ce ba ta ganin shinge. Ya rubuta a 'yar takarda. Washegari ita da kanta ta kwashe takardar a kwandon shara.

Da sunaye suka fito babu unguwarsu, mijinta, tsohon maƙeri, ya ɗauki zarto ya yanke sanda uku a shingen. Sati biyu mata na ratsawa zuwa awo cikin minti goma, sai aka zo aka liƙe wurin, aka kama mijin aka tafi da shi. Nan take ofis ya gane unguwar: aka sa ta cikin wuraren da ke da fitina, filin da 'yan unguwar suka ware wa asibiti aka fara haƙa harsashin caji ofis a kai.

Naƙuda ta zo wata Litinin da hantsi, lokacin cunkoso. Awa ɗaya da rabi motar da suka ɗauka na jan ciki wajen gada, Inna na riƙe da kan 'yarta tana salati. A kujerar baya aka haihu, namiji, bai yi kuka ba, bai zo da rai ba.

Bayan sati ta koma aiki. Jami'in ya ɗaga ƙafafu don ta goge ƙarƙashinsa, idonsa na kan kwamfuta.

"Inna, kwana biyu! Ya mai ciki, an sauka?"

"An sauka," ta ce, ta matse tsummanta a bokiti.