Tumbin Maigida da Wuyan Rijiya

Maigidana mutum ne mai jiki. In ya tsaya a ƙofar ɗakina ina kaɗi, sai in ajiye mazari, don hasken ya tafi ke nan. Tun ina amarya yake da ƙiba, amma a lokacin a ƙirji da damatsa take. Da girma ya fara kama shi sai ta gangaro ta taru a ciki. Ni kuwa ban ga laifinta ba, har alfahari nake yi, domin a garinmu in ana so a san hannun mace a tuƙi, mijinta ake duba.

Garin namu ƙarami ne, yana tsakanin Tsiga da Dayi, da 'yar ganuwarsa ta ƙasa. Zamanin nan Nasara ba su zo ba, kuma da rani mahara kan ɓullo daga arewa su kwashi wanda suka tarar a fili. Akwai rafi a bayan ganuwa, amma mace ba ta zuwa can sai da maza masu baka a bayanta. Saboda haka rijiyar tsakiyar gari ita ce ranmu, kuma gidan mijina ne ke da haƙa da yasa, gado tun kaka.

Kakansa ne ya haƙa ta, ya kuma bar mata aibi guda. In an ɗan sauka akwai marmara, jan dutsen nan mai taurin tsiya, tsohon ya huda ta daidai jikinsa kawai, shi kuwa an ce siriri ne kamar karan dawa. Wurin nan ake kira wuya. Ƙasa da wuya rijiyar ta buɗe sosai, sai dai iskar can muguwa ce. Ita ta kashe wan mijina. Ta buge shi ya suma, aka ja igiya, jikinsa da ya saki ya zo ya tokare a wuya, kafin a san yadda za a yi rai ya yi halinsa. Mijina yana cikin masu riƙe da igiyar a ranar.

Shekarar da nake ba da labari, ruwa ya fara zuwa da laka tun kafin ƙarshen rani. Damina ta sauka ta rufa mana asiri, amma dattawa suka ce rani mai zuwa ba makawa sai an yashe ta. Kowa ya san yasar da ta wuce da ƙyar mijina ya ratsa wuya, sai da aka shafe shi da man kaɗanya, kuma tun daga nan ƙaruwa yake yi. Kowa kuma ya san al'ada: in mai gidan ya kasa shiga, ɗansa ne zai shiga.

Ɗa namiji guda Allah Ya bar mana, kuma shi ne na fari. Bai daɗe da aure ba, matarsa na da ƙaramin ciki. Siriri ne, ya ɗauko kakanninsa, amma tun yana ƙarami ko ɗaki mai hayaƙi ya shiga sai numfashinsa ya riƙa yin sama-sama. Ga shi ɗan fari akwai kunya a kansa. Ba mu kama sunansa, ba mu yabonsa, ba mu nuna mun damu da shi a gaban mutane. "Yaron nan" muke cewa, ko "wancan". Uban da zai tsaya gaban dattawa ya ce yana jin tsoron kada ɗansa na fari ya mutu, gara ya bar garin. Don haka mijina ya nemi wata dabara. Ya je ya zura sanda da igiya ya auno faɗin wuya, ya yanko tsumagiyar geza ya lanƙwasa ta ya yi kewayayyen zobe daidai awon, ya rataye a ɗakinsa.

Da yamma na kai masa akushi, ya buɗe ya duba, ya ce, "Daga yau ki rage mini tuwo. Rabin wannan ma ya yi yawa."

Na ce, "Malam, lafiya? Miyar ce ba ta yi ba?"

Ya ɗaga kai ya dubi zoben. Ni ma na duba. Na gane, domin abin da ke hana shi barci shi ke hana ni.

Ban taɓa ganin mutum ya yi faɗa da jikinsa irin yadda bawan Allahn nan ya yi ba. Ya bar man shanu, shi da ko kunu ba ya sha sai an ɗiga masa. Ya bar fura da nono. Ya kama azumin Litinin da Alhamis, in ya zo buɗa baki sai dafaffiyar rama ko tafasa, ba ƙuli ba mai. Ana cikin huɗa, ya sallami masu taya shi ya kama garma shi kaɗai, gumi na zuba kamar an kwara masa tulu. Da kaka ta yi ya hana a ɗora wa jaki dami, ya ce kansa ya isa, ya yi ta safa tsakanin gona da rumbu. Ranar kasuwar Dayi ya bi ayari da ƙafa, ba abin saye ba na sayarwa, ya je ya juyo. Wanzami ya yi masa ƙaho har bayansa ya zama duk tabo. Wani ya ce jiƙon maɗaci, ya sha. Wata tsohuwa ta ce tsamiya da kanwa kafin rana ta fito, ya sha, ya wuni yana zarya bayan gida.

Kowace Juma'a kafin ya tafi masallaci sai ya kira ni ɗakinsa ya tuɓe riga, ya ɗaga hannuwa sama, in zura masa zoben ta kai. Yakan wuce kafaɗu da ɗan murzawa, ya wuce ƙirji, ya zo kan tumbi ya zauna daram. Sai ya shaƙe numfashi har idanunsa su yi ja, ni kuma in danna, gezar ta yi ƙara. Fuskarsa ta zabge, wuyansa ya yi tsawo, zoben azurfar da ke yatsansa har faɗuwa yake yi, amma tumbin nan ko gezau. Wani lokaci dariya ke kama ni, in na fita kuma in yi hawaye.

Ana cikin haka gari ya shiga maganar. Maza a unguwarmu tare suke cin tuwon dare a ƙofar gida, kowa a fito da akushinsa a haɗa. Suka ga akushin gidanmu ya koma kamar na mara lafiya, suka ga mutumin da ke siɗe kwano yana tsame hannu bayan 'yan lomomi. A wurinsu ba mai lafiyar da zai ƙi tuwo da gangan. Bayani guda ne: rumbunsa ya ƙare, yana rufa wa kansa asiri. Ba kuma wanda zai tambaye shi, don kada a kunyata shi.

Sai na fara ganin ƙorai suna shigowa. Wannan ta aiko da ɗanwake ya sha mai, waccan ta aiko da dambu, kowace da uzurinta, wai ta gwada sabon gari ne a ɗanɗana mata. Matar maƙerin unguwarmu, wanda shi ne babban aminin mijina, ta zo da kanta ta zauna tana ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe ta dafa ni ta ce, "Yaya, kowa da irin shekararsa. In akwai abin da ya gaza, tsakanina da ke ba kunya."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Ni da rumbuna ke cike har baki, a mai da ni abin tausayi! Na kama hannunta na kai ta na buɗe mata ta gani. Ta duba, ta gyaɗa kai, ta tafi ta gaya wa mata cewa hatsi kam akwai, ni ce na fara ƙwauro da tsufa. A rijiya in na iso sai a yi shiru.

Shi kuwa ya shiga tsaka mai wuya, don mayar da ƙwaryar maƙwabci da abinci a ciki zagi ne. Yakan ɗebi loma guda don a ce ya ci, ya yi godiya, a ba surukarmu sauran, ita da ke bukata. Bai taɓa bari yunwa ta sa ya ƙara ta biyu ba, ni shaida ce. Na ce masa ya fito ya faɗi dalili mu huta da surutu. Ya ce, "In ce musu me? In ce saboda wa?" Ni ma kuwa ba zan iya faɗa ba.

Yaron nan kuwa ya gane, amma a karkace. Ya ɗauka ubansa na ganinsa rago ne. Ya aiko matarsa ta gaya mini shi a shirye yake, ba ya tsoron rijiya. Na ce mata ta ce masa na ji.

Rani ya tsaya, ruwa ya ja baya, guga ta fara fitowa da rabi laka. Wata Juma'a na zura masa zoben, ya zo ya zauna inda ya saba. Bai shaƙe numfashi ba a ranar. Ya tsaya ya daɗe yana kallon cikinsa, sannan ya ce, "Wannan ba inda za shi. Allah ne Ya ajiye shi." Na ɗauka ya sallama. Ya cire zoben, ya sa riga, ya nufi maƙera.

Abin da ya je nema dagi ne gajere mai kaurin baki, da guduma. A nan ne ya gaya wa amininsa rabin gaskiya, ya ce yana so ya shiga rijiya ne jiki ya hana. Maƙeri ya yi dariya har ya saki zuga-zugi, ya ce, "Haba, mutumina! Watanni muna tara maka tausayi, ashe da tumbinka kake rigima?" Amma ina jin ya gane sauran rabin, don a ranar ya ajiye aikin kowa ya ƙera masa.

Tunda jiki ya ƙi raguwa, mijina ya ce wuya ne zai ƙaru. Dattawa suka ce marmarar da ta gagari kakansa ba za ta saurare shi ba. Ya ce a dai riƙe masa igiya. Aka gitta gungume a bakin rijiya, aka murɗa igiyar rama mai kaurin hannu, mazan nan da suka yi ta aiko mana da abinci suka jeru suka riƙe. Kullum da hantsi, in mata sun gama ɗiba, sai a zura shi har wuya, a shimfiɗa fata a ƙasansa don tare tsakuwa, ya rataya a nan yana sara. Daga tsakar gidana ina jin ƙarar gudumar. Dagi ya dakushe a kai maƙera, a dawo da shi. Tafukansa suka fashe, igiya ta yanke masa hammata, nakan gasa masa da ruwan zafi in shafa man kaɗanya, gari ya waye ya koma. Masu riƙon igiya suna tsokanarsa wai bijimi suke shayarwa, yana amsa musu daga ciki. Ya daɗe yana wannan aiki, har na daina tambayar yaushe zai gama.

Abin da ya ba ni mamaki, ya kai inda jikinsa zai wuce, maƙeri ya ce ya isa haka, amma ya ƙi tsayawa. Ya ci gaba da sara, yana goge duk wani tsini, har sai da wurin ya yi faɗin da zai wuce ba tare da ya taɓa gefe ba.

Ranar yasa gari duka ya fito. Aka yi ta zura damin ɗanyen ganye ana jawowa don a motsa iskar ƙasa, liman ya yi addu'a, aka ɗaura masa igiya. Yaron nan ya matso ya kama igiyar a gaba da kowa, fuskarsa a murtuke, uban bai ko dube shi ba. Ya sauka, muka ga kansa ya wuce wuya ya ɓace. Kwanduna suka fara fitowa da baƙar laka, da fasassun tuluna, da gugar da ta faɗa tun bara. Ina tsaye cikin mata, ina ta salati a zuci.

Rana ta take tsaka sai igiya ta girgiza da ƙarfi, sannan ta yi shiru. Maƙeri ya daka tsawa a ja. Suka ja da gudu, ya taho a sake, kai a langaɓe, ya wuce wuya sumul bai tokare ko'ina ba. Aka kwantar da shi a kan lakar da ya fitar, aka yayyafa masa ruwa, aka yi ta fifita. Can ya yi tari, ya buɗe ido. Wani ya leƙa ya ce idon ruwa ya buɗe, ana jin ɓulɓularsa, mata suka rangaɗa guɗa.

Yaron nan na durƙushe a gefen ƙafafunsa, tafukansa duk jini saboda igiya, yana kuka ba sauti. Mijina ya dubi wajen sau ɗaya, ya kau da kai, ya nemi amininsa da ido. Muryarsa a dashe ya ce, "A gaya wa wancan, yasa ta gaba shi zai shiga. Yanzu ko ya suma, in an ja shi zai fito."

Maƙeri ya juya ya maimaita wa yaron, kamar bai ji da kunnensa ba. Ni kuwa na ja mayafi na rufe fuska na bi ta bayan mata na tafi gida, don ba ya yiwuwa a gan ni ina kuka a kan ɗan fari.