Ƙafar Sevtap ta Baya

Shekara talatin da ɗaya ke nan ina wasa ƙarafan takalman zamiya a wani filin ƙanƙara a Ankara. Sunana Rasim. Ɗakin aikina bai fi akurki ba, amma tagarsa tana kallon filin, don haka babu wanda ya taɓa faɗuwa a nan ban gani ba.

Sevtap tana da shekara tara babanta, direban bas, ya kawo ta. Takalmin haya ya yi mata yawa, sai da uwarta ta cusa auduga a ciki. Kafin shekara biyu yarinya ta goge. In ta kama juyi sai ka ce katantanwa, in ta dira daga tsalle ba ka jin ƙara.

Abu ɗaya ne ya gagare ta, tsallen ware ƙafa. Mutum zai taho da baya a guje, ya caka haƙorin takalmi a ƙanƙara, ya tashi sama ya ware ƙafafu, ɗaya gaba ɗaya baya, su miƙe samɓal kamar sanda guda, sannan ya dira. Ƙafar Sevtap ta gaba tana kaiwa daidai ƙugu. Ta bayan kuwa sai ta tsaya a rabin hanya tana reto.

Mai koyar da su, Hikmet, wanda kowa ke kira Hoja, wato malam, mutum ne mai kaifin baki.

"Sevtap! Wannan tsalle ne ko tsallake kwata? Ƙafar bayan taki a gida kika baro ta?"

"Hoja, wallahi ina ɗagawa."

"Kina ɗagawa? Kakata ta fi ki ɗagawa, kuma shekararta goma a kabari."

Yara su kwashe da dariya, ita ma ta taya su, ta koma ta sake.

Da ta kai sha bakwai ta san ba za ta ci gasar ƙasa ba, kuma abin bai dame ta ba. Burinta ƙarami ne. Akwai wata ƙungiya da ke nuna wasa a otal-otal na Antalya, birnin bakin teku, da cikin jiragen ruwa, tana so su ɗauke ta. Amma su 'yan mata sha biyu suke jerawa su yi tsallen nan lokaci guda, ƙafa ɗaya ta yi ƙasa ta ɓata layin gaba ɗaya.

Babu dabarar da ba ta gwada ba. Da sassafe za ta riƙe katangar filin ta wurga ƙafar baya sau ɗari. Ta ɗaura jakunkunan yashi a idon sawu. Ta ja roba har ta tsinke. Hoja ya ce tsallen ne bai yi sama ba, ta ƙara masa tsayi. Ya ce tana sunkuyar da ƙirji, ta miƙe baya. Daga ƙarshe sai ya riƙa kwantar da ita rub da ciki a kan tabarma, ya danne mata ƙugu da gwiwa, ya ja ƙafar sama. Injina yana da ƙara, amma ina jiyo ihunta.

Sau uku ta hau bas ta tafi Antalya gwaji, tana da sha tara, da ashirin da ɗaya, da ashirin da huɗu. Duk zuwa amsa ɗaya matar da ke zaɓe take ba ta: "Kin iya zamiya, 'yata. Gyara ƙafar nan ki dawo."

Bayan dawowarta ta biyu ta shigo ɗakina da shayi kofi biyu, ta ajiye takalmanta a gabana. Abi take kira na, wato babban wa.

"Rasim Abi, ƙarfen nan ya yi nauyi. Ka rage mini shi."

"Me zan rage? In na ƙara goge shi ai da safa za ki yi zamiya."

"Don Allah dai."

Na ɗan goga shi a inji don ta ji ƙara, na miƙa mata. Ta fita ta yi tsalle ina kallo ta taga, ƙafar tana nan inda take. Ta dawo tana haki, fuska cike da murna.

"Abi, ka gani? Ta ɗagu ko?"

Na ce ta ɗagu. Har yau ban san ko alheri na yi mata ba.

Tana da ashirin da shida ciwo ya kama ta a matsematsi, har ta kasa sunkuyawa ta sa safa. Babanta ya tilasta mata zuwa asibiti, aka ɗauki hoton ƙugun. Likita ya ce ramin da kan ƙashin cinyarta ke zama a ciki mai zurfi ne, haka aka haife ta. Ƙafar tana kaiwa wani wuri sai ƙashi ya tokare ƙashi, babu miƙar da za ta wuce nan. Shekarun da aka yi ana danna ta kuwa sun cinye guringuntsin wurin.

Ta kawo mini hoton, ta ɗaga shi a hasken taga.

"Ka gani, Abi? Ashe ba ragwanta ba ce." Ta yi dariya. "Shekara sha bakwai ina zagin kaina a banza."

Daga ranar ba ta sake sa takalmin zamiya ba. Yanzu shekararta talatin da takwas. Ita ce a kantar bayar da takalman haya a nan filin, tana karɓa, tana fesa musu maganin wari, tana jerawa. Tana ɗingishi, ranar sanyi abin ya fi tsanani. Likitoci sun ce sai an sauya mata ƙugun, amma wai ta yi ƙanƙanta, ta jira tukuna.

A hunturun bara Hoja ya zo gaishe mu, ya tsufa, yana dogara sanda. Sevtap ta ba shi kujerarta, ta kawo masa shayi, ta gaya masa abin da hoton ya nuna. Ya saurara yana juya cokali, sannan ya taɓe baki.

"Likitoci! Me suka sani game da ƙanƙara? Da kin ƙara dagewa shekara ɗaya, da yanzu kina cikin jirgin ruwa."

Ta raka shi har bakin ƙofa, ta sumbaci hannunsa. Da ta dawo sai ta tsaya a ƙofar ɗakina.

"Abi, kana ganin yana da gaskiya?"

"Ba shi da ita. Ai kin ga hoton da idonki."

"Na gani," ta ce. Amma ba ta tafi ba, tana tsaye tana murza cinyar. "Shekara ɗaya dai ba ta da yawa."

Wata mata ta ƙwanƙwasa kantar tana neman takalmi lamba talatin da shida. Sevtap ta juya ta tafi ɗauko mata.