Sukurun da Yayana Ya Ɗaure

Yayana ya sayi mashin ta hoton waya daga wani ɗan kasuwa a Burkusuma. Da aka sauke shi a ƙofar gida sai muka ga iyakarsa gwiwa. Mashin ɗin yara ne na shiga jeji: tayoyi masu haƙora, babu kuloci, babu giya, sai dai ka murɗa totur ya tafi. Yayana kuwa ƙato ne, ga taurin kai. Na ce masa, "Yaya, wannan na yara ne." Ya ce ai turawa ƙanana ne.

Mu a wajenmu hanya tana kwance komai, don haka duk sukurun da ka ga ya leƙo a jikin mashin ɗaure shi ake yi. Akwai wani dogo a gefen totur, ya fito zororo. Yayana ya sa wuƙa ya murɗe shi har ƙarshe, yana zagin masu ƙira da sakaci. Daga baya wani bakanike a garin Isa ya gaya mini cewa da wannan sukurun iyaye suke rage wa yara gudu, ƙara ɗaure shi ƙara rage gudun.

Washegari sunan jikarsa ta fari a Kamarawa, inda ɗansa yake noma a wajen surukai. Yayana ya ci burin a sa wa yarinyar sunan mahaifiyarmu da ta rasu, surukan kuma suna da nasu sunan a aljihu. Sabis ɗin waya babu a can. Sai ya je da bakinsa kafin liman ya raɗa.

Ya hau bayan asuba, gwiwoyinsa na taɓa haɓarsa, riga na sharar ƙasa. Mashin ya yi ƙara har kaji suka watse, sannan ya fara rarrafe. Na bi shi a kan jaki, na cim masa a gonar gero ta biyu.

"Yaya, sauka ka hau jakin."

"Za ni kai da shi. Zafi yake ɗauka."

Wata tsohuwa da tulu a ka ta wuce mu, ta yi masa sannu da aiki. Raina ya ɓaci, na ce ya bari ni in yi gaba in faɗi sunan. Ya ce sunan uwarsa ba zai shiga gari a kan jaki ba. Wallahi da ba yayana ba ne da na ture shi cikin kwari.

Mun isa hantsi ya dubi ludayi, ana feɗe rago. Sunan kakar surukai aka sa. Aka miƙo wa yayana jaririyar yana zaune a kan mashin, don ƙafafunsa sun ƙi miƙewa. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya sunkuya ya kira ta da sunan mahaifiyarmu a hankali, sau ɗaya. Ni kaɗai na ji, kuma na kasa yi masa dariyar da na taho da ita.