Sallama a kangon Kambodiya

Jiya da la'asar muna zaune a soron gidanmu na Gyaɗi-Gyaɗi, ina nuna wa Baba hotunan tafiyata Kambodiya. Sarin kaya ya kai ni, amma na ware kwana ɗaya na bi ɗan jagora cikin daji har wani tsohon wurin bauta na mutanen Khmer. Ginin dutse ne zalla, saiwoyin itatuwa sun nannaɗe bangon sun tsattsaga shi.

Baba ya daɗe yana kallon wata ƙofa a hoton.

"Da za ka shiga, ka yi sallama?"

"Na yi, Baba. Baki ya saba. Har ɗan jagoran ya yi mini dariya."

"Wa ya amsa?"

"Jemagu ne kawai suka tashi."

Ko murmushi bai yi ba. Ya miƙo mini wayata.

"Wannan dutse ne, ka ga yadda ya koma da masu shi suka tafi. Gidan mahaifina a ƙauye na ƙasa ne, damina huɗu ke nan ba a yi masa yaɓe ba. Kai kuma ka tsallaka teku kallon kangon wasu."

Ni ne babban ɗansa, makullin gidan yana hannuna. Kullum sai in ce sai bayan Sallah.

Tun jiya na kasa zama wuri ɗaya. Yau sau biyu ina zuwa tashar Unguwa Uku tambayar motar garinmu. Tsorona kada in yi sallama a ƙofar kakana, jemagu su amsa.

Ku fa, yaushe rabonku da gida?